Ɗan-Harshe: Kifin Da Ba Mai Saye, Amma A Ke Ƙidaya Shi

Tsakanin Ingila da Holan da Jamus da Danmak da Norwe akwai wani teku da a ke kira Tekun Arewa. 'Yan kasuwa masu cinikin daskararren kifi na kwali sun san amfaninsa ko da ba su san sunansa ba, gama wani kashi na kifin nan da a ke saukewa a Ikko, jiragen mutanen Holan ne ke kamo shi a tekun nan da maƙwabtansa. Amma kifin kwali mazaunin saman ruwa ne, garke-garke ya ke yawo. Wanda za a yi bayani a kansa yau yana can ƙasa, kwance cikin rairayi. Ba ya shiga kwali, ba ya zuwa kasuwa, masunta in sun tarar da shi a taru sai su mai da shi ruwa. Duk da haka kowace shekara akwai ma'aikatan gwamnati da ke ƙidaya shi suna rubutawa, kuma da dalilinsu.

Ba shi da suna da Hausa, don ba kifin kogi ba ne. Wani masani mutumin birnin Nis da ke bakin Bahar Rum, mai suna Antoine Risso, shi ya fara bayyana shi a littafi cikin 1810. Sunan da masana ke kiransa da shi yanzu Buglossidium luteum, watau ɗan harshen saniya mai ruwan ɗorawa. Mutanen Holan kuwa, da yarensu, wadan harshe su ke ce masa. Wanda ya taɓa ganin harshen saniya a teburin mahauci ya ga siffar kifin nan, sai dai shi ya fi sirantaka nesa. Saboda haka a nan za a kira shi ɗan-harshe.

Mafi girmansu ba ya wuce inci 6, watau santimita 15, yawancinsu ma inci 3 ne zuwa 5. Mutum ya iya shimfiɗa babba a tafin hannunsa. Danginsa, kifaye masu faɗi mazauna ƙasan teku, sun haura iri 700, cikinsu har da wani ƙato na tekun sanyi da kan haura kilo 200. Ɗan-harshe yana cikin 'yan autan gidan.

Duk wanda ya gan shi kwance zai ce rub da ciki ya yi. Ba haka ba ne. A kan haƙarƙarinsa na hagun ya ke kwance, abin da a ke gani a sama gefensa ne na dama. Abin da ke kama da geza kewaye da jikinsa, ɗaya fiffiken baya ne, ɗaya na ciki. Masuntan kogin Binuwai sun san kunamar ruwa, ita ma mai faɗi ce, ita ma a ƙasa ta ke zama. Amma ita a kan cikinta ta ke, bakinta na ƙasa, idanunta na bisa kai, ɗaya dama ɗaya hagun yadda aka saba. Ɗan-harshe kuwa idanunsa biyu duk a gefen dama su ke, kusa da juna, baki a karkace. Gefen da ke ƙasa fari ne fat, ba ido ko ɗaya.

Ba da wannan siffa a ke ƙyanƙyashe shi ba. A Tekun Arewa uwar ta kan zuba ƙwai da zafin shekara, tsakanin Mayu da Agusta, a Bahar Rum kuwa tun ƙarshen hunturu. Ƙwan bai fi ƙwayar acca ba, kuma ba ya nutsewa, yana shawagi ne a ruwa, igiya tana kai shi inda ta ga dama. Uwa ba ta tsaronsa, uba bai san da shi ba. Bayan 'yan kwanaki sai ɗa ya fito, tsawonsa kamar ƙwayar gero, garau kamar gilashi. A wannan lokaci kifi ne kamar kowane kifi: yana iyo a tsaye, ido ɗaya a dama, ɗaya a hagun.

Sa'ad da ya kai kamar tsawon ƙwayar shinkafa, sai abin mamaki ya fara. Ƙasusuwan kansa, da ya ke ba su riga sun yi ƙwari ba, sai su soma murɗewa. Idon hagun ya riƙa hawa a hankali, yau kaɗan gobe kaɗan, har ya ƙetare ya sauka kusa da ɗan'uwansa na dama. Yana cikin haka jikin ya riƙa faɗi, ɗan kifin ya soma jirkicewa wajen iyo. Gefen dama ya ɗauki launi, na hagun ya zauna fari. Abin da ke ba da umurnin wannan juyi wani ruwa ne da ke fitowa daga wajen maƙogwaro. Mutum ma yana da wurin da ke yin irin ruwan nan a wuyansa, shi ne wanda in ya kumbura a ke cewa maƙoƙo. Ruwan nan ne kuma ke sa 'ya'yan kwaɗi su yar da wutsiya su fito da ƙafafu.

Kafin ya wuce rabin inci ya gama juyewa, ya sauka ƙasa, ba ya sake komawa zaman sama. Yawancin kifaye suna da wata 'yar jaka mai iska a ciki, wadda ke riƙe su a tsakiyar ruwa ba wahala, kamar gorar da mai su ke hawa. Babban ɗan-harshe ba shi da ita. In ya daina kaɗa jiki sai ya nutse, kuma abin da ya ke so ke nan.

Zamansa a ƙasa zaman ɓuya ne. In ya sauka a rairayi sai ya karkaɗa gezar nan tasa da sauri, yashi ya tashi ya zubo masa a jiki, ya rufe shi, idanu kaɗai ke leƙowa. Launinsa kuma launin rairayi ne, rawaya-rawaya da ɗan duhu nan da can, kuma ya kan ƙara duhu ko haske gwargwadon ƙasar da ya kwanta a kai, irin halin hawainiya. Ba shi da dafi, ba shi da ƙaya mai suka, ba shi da gudun a zo a gani. Ɓuyan nan ne kaɗai makaminsa.

Abincinsa ƙananan halittun da ke cikin yashi: 'yan mitsi-mitsin dangin jatan lande, da tsutsotsi irin tana, da 'yan katantanwa masu laushin ɓawo. A zuriyarsu ido ba shi ne babban abin neman abinci ba. A gefen kai na ƙasa, wanda ke goga yashi, akwai wasu 'yan farare-farare kamar gashi, da su ya ke lalube, hanci kuma yana taimako. Haƙoran ma a gefen ƙasa na baki su ke, inda abincin ya ke.

Yana da zaɓen wuri ƙwarai. Rairayi ya ke so, ko rairayi mai ɗan laka, ba ya son tsakuwa da duwatsu. Zurfin da ya fi yawa kamar gaba 3 ne zuwa gaba 20, wanda bai fi zurfin wata rijiyar ba. Yana ƙyamar bakin manyan koguna, inda ruwan daɗi ke surka ruwan gishiri. A kan same shi tun daga Bahar Rum, ya biyo gaɓar Faransa, har Sikotlan da bakin tekun Baltik. Shekarar farko ya ke yin yawancin girmansa, wajen shekara ta uku ya isa haihuwa. Daga nan namiji kusan ya tsaya, mace ce ke ci gaba da ƙaruwa kaɗan kaɗan, shi ya sa manyan duk mata ne. An sami wanda ya shekara 13. Mai karatu zai ce, wa ya riƙe masa lissafi? To, kamar yadda dillalin shanu ke buɗe bakin sa ya dubi haƙori, haka masana ke yi da kifi. A cikin kunnen kifi akwai wani ɗan dutse fari, kowace shekara ya kan ƙara zobe ɗaya. Sai a ciro shi a sa a madubin ƙara girma a ƙidaya.

Ɗan-harshe yana da wani babban wa, wanda Turawan Ingila ke kira sol, ma'anarsa tafin takalmi. A nan a kira shi babban-harshe. Shi ya kan haura ƙafa 2, namansa fari ne mai daɗi, kuma yana cikin kifaye mafi tsada a kasuwannin Turai. Garuruwan masunta irin su Urk a Holan da shi su ka yi arziki. Ga wanda bai sani ba, ɗan-harshe da jaririn babban-harshe abu ɗaya ne, har masunta da yawa sun daɗe suna tsammanin haka. Amma kama da Wane ba ta Wane. Jaririn babban-harshe mai inci 4 bai cika shekara ɗaya da rabi ba, gabansa da sauran girma da kuɗi. Ɗan-harshe mai inci 4 kuwa wataƙila tsohuwa ce da ta sha haihuwa, ko an bar ta shekara goma ba za ta kai kasuwa ba.

Rarrabe su ba wuya in an san abin dubawa. A miƙe gezar ɗan-harshe a duba ƙayoyinta: bayan kowane huɗu ko biyar masu haske akwai ɗaya baƙi, a jere har wutsiya, kamar an bi da alƙalami an ja layi. Babban-harshe ba shi da wannan. Shi alamarsa baƙin ɗigo ne a ƙarshen ɗan fiffiken da ke bayan kansa. Ban da haka, 'ya'yan babban-harshe a bakin gaɓa da bakin koguna su ke tashi, inda ruwa ba zurfi, sai sun girma su nufi ciki. 'Ya'yan ɗan-harshe kuwa tare da iyayensu su ke zama tun ranar da su ka sauka ƙasa. Wannan bambanci ba na wasa ba ne. Masana su kan ƙidaya jariran babban-harshe don su san yawan da za a samu shekara biyu ko uku gaba, da lissafin nan kuma a ke yanka wa kowace ƙasa rabon da za ta kama. In aka cuɗa ɗan-harshe cikin ƙidayar, an yi kamar manomin da ya ga ciyawa ta tsiro ya ƙidaya ta cikin gero, ya je ya ci bashi a kan amfanin da babu.

Yadda a ke kama babban-harshe shi ne ya shafi rayuwar ƙanen nasa. Kifin da ya binne kansa a yashi, taru na sama ba ya samunsa, sai an tone shi. Tun shekarun 1960 masuntan Holan su ka ƙware da wani irin taru na ja. Jirgi ya kan ja biyu, ɗaya kowane gefe. Bakin kowanne a ɗaure ya ke da ƙaton ƙarfe a gicciye, wanda kan kai ƙafa 40 a manyan jirage, gabansa kuma ga sarƙoƙi masu nauyi suna jan ƙasa. Jirgin yana tafiya kamar mil 7 a sa'a, sarƙoƙi suna kartar yashi, kifi ya firgita ya yi tsalle ya faɗa taru. Manomi ya ɗauka garma ce a ke ja a ƙarƙashin teku, sai dai wannan huɗar ba shuka a bayanta.

Doka ta ce ba a sayar da babban-harshe don ci in bai kai santimita 24 ba, watau inci 9 da rabi. Idon tarun da aka yarda da shi a kudancin Tekun Arewa kuma milimita 80 ne, inci 3 da 'yan kai. Ɗan-harshe siriri ne, ga santsi, saboda haka yawancinsu su kan sulale ta idon taru su koma yashi. Waɗanda su ka maƙale cikin tarkace, su ne a ke jawowa sama a watsar, da yawa kuwa sun riga sun jigata. Amma manyan kifaye ba su da wannan mafita. Taru rariya ce da ke riƙe manya ta saki ƙanana, kuma an shekara fiye da hamsin ana tankaɗe teku ɗaya da ita.

Tun 1985 ma'aikatan binciken kifi na Holan ke fita da jirgi kowace shekara, wajen Agusta da Satumba, su ja taru mai ƙananan idanu a wurare ƙayyadaddu. Babban-harshe da wani ɗan'uwansa na kasuwa su ke nema, amma duk abin da ya shiga sai an ware shi iri-iri, an ƙidaya, an auna. Cikin littattafan nan ne aka ga wani abu. Daga ƙarshen shekarun 1980 ɗan-harshe ya yi ta ƙaruwa, kuma ya yi ta matsawa arewa, yana shiga wuraren da da ba a samunsa. Masanan Holan sun buga bayanin wannan cikin 2010, su ka nuna ƙaruwar ta zo daidai da jerin shekarun da hunturu bai yi tsanani ba.

Zuriyar nan dama ba su jure sanyi. Masuntan Ingila sun san haka tun ƙarni na 19, sa'ad da su ka tarar in ɗari ya tsananta babban-harshe ya kan gudu ya taru cikin wani kwari mai zurfi a tsakiyar teku, inda ruwa ya fi ɗumi. Kifin da su ka kwasa a can ya sa su ka raɗa wa wurin suna Ramin Azurfa. A hunturun 1962 zuwa 1963 kuwa, wanda tsofaffin Turai ba su manta ba, sanyi ya kashe babban-harshe ba iyaka, har masunta su ka riƙa jawo matattu a taru. Ɗan-harshe, da ya ke asalinsa ya fi ƙarfi a kudu, sanyi ne ya ke yi masa shinge ta arewa. Da hunturu ya yi sauƙi sai shingen ya matsa.

Akwai masu kawo wasu dalilai, kuma ba a raina maganarsu ba. Wasu sun ce faɗuwar wani tashin wani. Babban maci ƙananan kifaye a tekun nan shi ne kod, irin kifin da mutanen Norwe ke busarwa har ya yi tauri kamar itace, a kawo shi kasuwannin Nijeriya. A Tekun Arewa an kama kod fiye da kima tun shekarun 1970, har wajen 2006 ya ragu ƙwarai da gaske. In kura ta ƙaura, awaki su kan yi yawa. Wasu kuma sun ce garmar nan ta ƙarfe tana farfasa manyan katantanwa da halittu masu jinkirin girma, ta bar fili ga ƙananan tsutsotsi masu saurin haihuwa, su ne kuwa tuwon ɗan-harshe. Mai yiwuwa ne duk suna da hannu. Amma akwai shekara ɗaya da ta raba gardama. Hunturun da ya shiga 1996 ya yi tsanani ƙwarai, kuma a ƙidayar shekarar nan sai aka ga ɗan-harshe ya ragu, ya ja da baya ya koma kudu. Kod bai dawo cikin shekara ɗaya ba, jiragen ja kuma ba su huta ba, sanyi kaɗai ya sake. Da shekarun ɗumi su ka dawo, kifin ya sake ɗaukar hanyar arewa. An kuma lura a sababbin wuraren manya ne ke fara bayyana, sa'an nan ƙanana su biyo baya. Watau ba igiyar ruwa ce ta kwashi ƙwai ta kai can ba, iyayen ne su ka yi ƙaura da kansu, su ka ga wuri ya zaunu, su ka haihu.

A nan amfanin kifin da ba a saye ya fito. Lissafin kifin kasuwa ba ya rasa gauraye. In an kawo da yawa bana, ko kifin ne ya yi yawa, ko kuɗinsa ne ya hau masunta su ka bi shi, ko an sami sabon inji? In an kawo kaɗan, ko ya ragu ne, ko doka ce ta hana, ko wani ya ɓoye don kada a ce ya wuce rabonsa? Ɗan-harshe ba wanda ke binsa, ba wanda ke ɓoye shi, ba rabon da aka yanka a kansa. Shaida ne da ba shi da ko kwabo cikin shari'ar. Manomi ya san irin wannan shaida. Ba wanda ke shuka ƙuduji, ba wanda ke kai shi kasuwa, amma in ya ga jajayen furanninsa sun yawaita cikin dawa, ya san ƙasa ta gaji tun kafin rumbu ya faɗa masa.

Ɗumin da ya buɗe wa ɗan-harshe hanya bai tsaya a kansa ba. Ɗaya daga kifayen kwali, mai zane-zane a baya wanda a ke kira taitus a kasuwa, shi ma ya faɗaɗa yawonsa arewa, har wajen 2007 ya soma shiga ruwan Aisilan da yawa. Mutanen Aisilan su ka ce kifin da ya zo kiwo gonarsu su ma suna da rabo, maƙwabtansu su ka ce tun da can rabon nasu ne. Aka shekara da shekaru ana jayayya, kowa yana yanka wa kansa, har jimlar abin da a ke kamawa ta riƙa wuce abin da masana su ka ba da shawara. Abin da ya taɓa wurin kamun kifi da yawansa kuwa, ba ya rasa taɓa kuɗin kwali a Kano ko Maraɗi.

A gaɓar Afirka ta Yamma ma akwai 'yan gidan su ɗan-harshe. Jiragen da ke jan taru don jatan lande a ruwan Nijeriya su kan jawo su, manyan a kai kasuwannin Ikko da Fatakwal. Waɗanda aka fi gani sun fi ɗan-harshe tsawo, wutsiyarsu ta tsuke kamar bakin mashi. Ɗan kasuwar da ya je kudu ya gan su a tire, ya juya ɗaya ya duba. Su a kan haƙarƙarin dama su ke kwance, idanun duka biyu suna gefen hagun.